Kukan Cikin Hula

Shekara talatin da ɗoriya na yi ina wasan kwaikwayo, ban taɓa zama jarumi ba ko sau ɗaya. Ba ni ke auren yarinyar a ƙarshen fim ba, ba a taɓa sa hotona a tsakiyar fasta ba. Ni ne masinjan ofis, ni ne maigadi, ni ne kawun da ake turawa ya ba da haƙuri a koro shi. Mai neman sunana a jerin 'yan wasa sai ya daure ya bi har ƙasa, can kusa da direba da mai dafa abinci. Duk da haka, a garin nan namu, daga unguwar Gamboru har Maisandari, da wuya ka sami wanda bai san fuskata ba. Ko in ce hulata, don ita aka fi sani.

Abin da nake yi ke nan a wasa. Idan masifa ta faɗo wa masinja, fayil ya ɓace ko oga ya daka masa tsawa, sai in cire hular zanna daga kaina, in riƙe ta da hannu biyu kamar ƙwarya, in cusa fuskata ciki, kafaɗuna su shiga rawa. Bayan ɗan lokaci sai in leƙo da ido ɗaya ta bakin hular, in ga ko ogan ya ji tausayina. A nan ake mutuwa da dariya. Mutane suka manta da sunan da aka yanka mini rago da shi, suka koma ce mini Mai Hula. Ban taɓa jin haushin sunan ba sai daga baya, lokacin da hular nan ta shiga tsakanina da 'yata, wadda ita kaɗai Allah ya bar mana a cikin haihuwa huɗu. Shekara uku cur ta yi ba ta kalli idona ba, kuma labarin da nake son bayarwa ke nan.

Ba ni na ƙirƙiro kukan cikin hula ba. Sato shi na yi.

Mahaifina tela ne a kasuwar Gamboru, mutum mai kaifin ido da ƙarancin magana. Idan ya ce maka “to”, ka ji doguwar hira ke nan. Ranar da mahaifiyata ta rasu ina da shekara goma sha bakwai. Aka yi jana'iza aka dawo, ya zauna kan tabarma yana amsa gaisuwa kamar wanda ya zo rakiya, idonsa a bushe. Har na fara jin haushinsa a raina. Bayan la'asar na zagaya bayan gida zan ɗauko buta, sai na gan shi tsaye gindin dalbejiya, ya juya wa duniya baya. Ya cire hula, ya sa fuskarsa ciki, kafaɗunsa suna girgiza, ko sauti babu. Da ya gama ya share fuska da ita, ya mayar kai, ya daidaita ta, ya koma wurin mutane. Na laɓe jikin katanga har ya wuce.

Bayan wasu shekaru ina kwalejin horon malamai muka shirya wasa a ɗakin taro. Aka ba ni masinjan da aka kora daga aiki. Malamin da ke koya mana ya ce sai na yi kuka, ni kuwa ido ya ƙi. A wurin gwaji na matse fuska har na gaji, ya ce kamar mai ciwon ciki. Ranar wasan, da wurin ya zo, ban san lokacin da hannuna ya tafi kaina ba. Na yi abin da na ga mahaifina ya yi, kuma wallahi da gaske na yi shi, hawaye na zuba a cikin hular nan. Sai na ji ɗakin ya kece da dariya. Na leƙo da ido ɗaya in ga me ya faru, ko wandona ne ya zame. Leƙen nan ya ƙarasa su, har da masu faɗowa daga benci.

Da ina da hankali da na bar abin a nan. Amma wanda bai taɓa tsayawa gaban mutum ɗari uku suna dariya saboda shi ba, ba zai gane ba. Daɗi ne da ita, kuma ni ban saba a kula da ni ba. Washegari duk makaranta an san ni. Na riƙe hular da kyau, na yi ta gyara wasan, na san daidai yawan girgizar da kafaɗa za ta yi kafin ido ya leƙo.

Daga nan na shiga ƙungiyar wasa ta gari, muna hawa dandamali ranar biki ko in an yi manyan baƙi. Sai gidan talabijin ya ɗauke mu muna wasa duk mako. A lokacin ba kowane gida ke da akwatin talabijin ba, ana taruwa ne a ƙofar mai shi. Wata rana da yamma maƙwabcinmu ya ja mahaifina ya zo ya ga ɗansa. Ina wurin, ina tsaye daga baya ina jiran yabo. Da aka zo kan hular, kowa ya kwashe da dariya ban da shi. Ya kalla har ƙarshe, ya tashi ya sa takalmi. Da zai gifta ni ya tsaya, bai ko dube ni ba, ya ce da Kanuri, “Ashe kana wurin ranar.” Har ya bar duniya bai sake tayar da zancen ba. Ni ma ban daina ba, don a lokacin hular ce ke ciyar da ni.

Da finafinan bidiyo suka zo, na yi ta zirga-zirga zuwa Kano da Jos. A kira ka, ka kwana biyu a hanya da masauki, a ɗauke ka minti huɗu. Ko wane irin labari ne, na soyayya ko na gado, darakta zai ce, “Baba, a ɗan sa mana hular nan.” Sau ɗaya na roƙi wani ya ba ni uban yarinya, mutumin kirki mai magana a natse. Ya yi dariya ya ce ai da na buɗe baki za a fara jiran hula, fim ɗinsa ya lalace. Na ji zafi, don gaskiya ya faɗa. Da shekarun tashin hankali suka zo garin nan, aka rufe dandamali, kowa ya shige gida tun rana ba ta faɗi ba, wasa ya koma na wayar da kai a sansanonin 'yan gudun hijira: a wanke hannu, a kai yara rigakafi. Can ma hular ce. Na ga matan da suka baro garuruwansu da zanen jikinsu kawai suna dariya har da riƙe ciki, na ce wa kaina to ko ba komai satar nan ta yi amfani.

Ban da mahaifina, mutum ɗaya ce ba ta taɓa dariyar hular ba, matata. Tun farkon aurenmu na ba ta labarin dalbejiyar nan, ban san me ya kai bakina ba. Daga ranar, duk lokacin da aka nuno wurin a talabijin sai ta tuna da tukunya a kan wuta, ko ba ta ɗora komai ba. Ba ta taɓa ce mini in bari ba. Ita ke tattara hulunana ta kai wa mai wankin hula a bakin kasuwa, ita ke karɓowa. Idan na dawo daga tafiya ina ba ta labarin yadda aka yi dariya, sai ta ce, “Sannu, Malam. Ka ci abinci tukuna.” A gidanmu na Umarari ne kawai nake zama mutum kamar kowa, in yi shiru ba wanda ke jiran in ba shi dariya.

Ciwonta bai daɗe ba. Kwana shida a asibiti, rana ta bakwai da hantsi ta cika, kafin azahar mun kai ta. Aka kafa rumfa a ƙofar gida, aka shimfiɗa tabarmi, maza a waje mata a ciki. Ranar farko na zauna ƙyam, ina amsa “ya haƙuri” da “mun gode Allah”, na ga kaina na koma mahaifina sak. Jama'a kuwa sun zo, ba zan yi musu ƙarya ba, har waɗanda ban sani ba. Na lura wasu suna kauce wa fuskata, suna kallon ƙasa, na ɗauka tausayi ne.

Rana ta biyu bayan la'asar, mai wankin hula ya zo. Dattijo ne kamar ni, ya durƙusa ya yi ta'aziyya, sannan ya miƙo mini leda da huluna uku a ciki. Ya ce, “Hajiya ce ta kawo su kafin ta kwanta. Ta ce in rage sitaci, mai tauri tana sa maka ciwon kai.” Ban ma san ta lura da wannan ba, ban taɓa faɗa mata ba.

Abin da na danne tun jiya ya taso mini gaba ɗaya. Ban yi shawara ba, hannuna ne ya tafi kaina. Na cire hula na cusa fuska, kafaɗuna suka shiga girgiza. Ban san wani kukan ba, shi kaɗai na gada.

Sai na ji wani ya yi “fuf” ta hanci, irin dariyar da aka danne ta ƙwace. Wani ya kama. Na ji liman yana gyaran murya, wani yana “astagfirullah” muryarsa tana rawa. Kuma ga abin da har gobe ban yafe wa jikina ba: shekara talatin na koya masa cewa in aka yi dariya ido ɗaya zai leƙo, sai ya leƙo. Rumfar ta ɓarke. Manyan mutane masu furfura, maƙwabtana da suka ɗauki makarar matata a kafaɗunsu jiya, suna toshe baki da hannun riga, wasu suka miƙe suka bar wurin don kunya. Har daga cikin zaure na ji wata gajerar dariyar mace, aka yi maza aka katse ta. Da na juya wajen, bayan 'yata kawai na gani, riƙe da tiren ruwa, tana komawa ciki da sauri.

Ba na zargin mutanen nan. Da farko na zarge su, na yi wata biyu ba na amsa sallamar wasu da sakin fuska. Amma ni na horar da su. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne 'yata. Sunan mahaifiyata na sa mata, don haka Uwata nake kiranta, kuma da ma akwai 'yar kunya tsakaninmu irin ta ɗan fari, ba ma doguwar hira. Amma da takan dube ni, ta yi mini tsiya kan shan shayi da sukari. Daga ranar nan ta daina. Na tabbata a raina cewa ta leƙo ta ga ubanta yana wasan Mai Hula a zaman makokin uwarta, har da leƙen ido, don a yi masa dariya. Wace 'ya ce za ta yafe wannan?

Ba ta yanke zumunci ba, da ma ta yanke da na san inda zan kama. Tana aure a Maisandari, tana koyarwa a makarantar firamare. Kullum da rana mai keke napep zai tsaya ƙofar gida ya miƙo kula, tuwo ko burabusko, da zafinsa. Duk Juma'a ita da mijinta da yara za su zo, ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe ni da Kanuri, “Wushe, Baba, ya jiki?” idonta kan tabarma. Ta share ɗaki, ta kunna turaren wuta kamar yadda uwarta ke yi, ta tafi. Ƙamshin ya kwana, ni da shi.

Na ajiye hular zanna, na koma sa 'yar ƙaramar hular saƙa wadda ko rabin fuska ba za ta rufe ba. Daraktoci suka kira sau ɗaya, sau biyu, na ce zan yi kowane wasa amma ban da hula. Suka ce za su neme ni. Har yau suna nema. Sai dai hular ba ta buƙatata kuma. Yaran zamani sun yanko wurin daga tsofaffin finafinai sun mai da shi sitika a waya, in ƙungiyar ƙwallon mutum ta sha kashi sai a tura masa ni. Akwai wanda ya turo mini da kaina, bai san lambata ba ce. A layinmu in na fito masallaci, masu keke sukan ɗaga murya, “Mai Hula, a yi mana ɗaya mana!” In ɗaga musu hannu in wuce. Na iya zama a tsakar gida tun daga hantsi har inuwa ta juya, ba abin da ke motsi sai ƙadangaru a katanga. Kuka kuwa ya ɗauke mini ɗif. Ko ni kaɗai a ɗaki, in ya taso, hannu ya nufi kai, sai in ji “fuf” ɗin nan, ya koma.

Cikin ƙungiyarmu ta da, mu biyu muka rage a garin: ni da wata 'yar kudancin Borno da ta yi shekaru tana fitowa a matsayin mai buga tafireta a ofishin da nake masinja. Yanzu aikin coci take yi, gwiwa ta hana ta yawo, amma bakinta na nan yadda na san shi. Na je duba ta wata rana, hira ta yi hira na faɗa mata komai. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, “Kai dai ba ka da wayo tun asali. Ka tambaye ta?” Na ce me zan tambaya, abin da na gani da idona. Ta ce, “Bayanta ka gani. Shekara nawa kana kai saƙon oga ofis-ofis, naka saƙon ka kasa kai shi nan da Maisandari? Tashi ka ba ni wuri.”

Na yi mako biyu ina jin haushinta, sannan na tashi. Ranar Talata ce, ana tsananin zafin nan na kafin damina. Bayan azahar na ɗauko hular da na sa ranar makoki, na sa a leda, ban san ma me zan yi da ita ba. Na tari keke. Mai keken ya gane ni ta madubi, ya yi ta washe baki har muka isa.

Na same ta a inuwar baranda tana tsintar shinkafa a faranti. Mijin yana wurin aiki, yara sun tafi islamiyya. Ta miƙe a firgice, don ban taɓa zuwa ba tare da sanarwa ba.

“Baba? Lafiya?”

“Lafiya lau, Uwata. Zauna. Magana na kawo.”

Ta shimfiɗa mini darduma, ta kawo ruwan randa, ta zauna nesa kaɗan, ido a kan farantin. Ni da na haddace maganganun mutane na shekara talatin, nawa suka watse. Na fara daga dalbejiya, na faɗi yadda na ga kakanta, da yadda na sace masa kuka na kai kasuwa. Na ce, “Ranar nan ba wasa nake yi ba. Wallahi ba wasa ba ne. Idon ma ba ni na sa shi ba. Na san abin da kika gani, ban ce ki manta ba, amma ina so ki sani ban yi wa uwarki haka ba.”

Na ga hawaye na ɗiga cikin shinkafar.

“Na sani, Baba,” ta ce. “Tun ina sakandare Mama ta ba ni labarin Kaka. Ta ce duk wanda zai yi dariyar hular nan ya yi, ban da 'yar gidan nan.”

“To me ya sa kike guduna?”

Ta ajiye farantin. Muryarta ta yi ƙasa har sai da na matso.

“Dariyar da ka ji daga zaure, ni ce. Na fito da ruwa, na gan ka, na san kuka kake yi na gaske. Sai idon ya leƙo. Ban san lokacin da ta fita ba, Baba. Mama ba ta kwana biyu a ƙasa ba, na yi maka dariya. Ka juyo, na ɗauka ka gan ni. Duk Juma'a ina jira ka yi mini faɗa, ka ƙi.”

Na buɗe baki in ce mata ba komai, ai ni na koya wa duk garin, ita ma a gaban akwatin nan ta girma. Abin da ya shekara uku a maƙale ne ya taso, ya cika mini ƙirji. Hannuna ya tafi cikin ledar da kansa, ya kamo hular. Sai ta miƙo hannu ta dafe ta. Ba ta ƙwace ba, ta dai dafe.

Haka na yi shi, fuska a buɗe, da rana tsaka a barandar surukina. Ban san yadda ake yi da baki ba, ban san inda ake ajiye hannu ba. Mummunan kuka ne, mai majina da sauti, babu daraktan da zai karɓe shi. Na kira matata da sunan da ban taɓa kiranta da shi a gaban kowa ba. Duk tsawon lokacin 'yata tana kallona, ido cikin ido, ba ta kau da kai ba. Shekara uku ina neman idon nan, ranar da na samu kuma ruwa ya hana ni ganinsa sosai.

Da na lafa ta zare hular daga hannuna a hankali, ta ɗora a cinyarta, ta miƙo mini gefen mayafinta na share fuska.

“Sannu, Baba,” ta ce. “Ka ci abinci tukuna.”